Da gaske tambarin kamfani yana canza yadda mai saye ke kallon kaya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni da yayana muna da kamfanin yin jakunkuna da takalman fata, bana shekararmu takwas. Tambarin da muke bugawa a jikin kayanmu wani abokinsa ne ya zana mana tun farko. Yanzu yayana ya dage sai an canza shi, wai ya tsufa, kuma shi ne ya sa masu hannu da shuni ba sa ganin darajar kayanmu. Ni kuwa ina ganin ɓarnar kuɗi ce, tunda kaya mutane ke saye ba zane ba. Don Allah, da gaske tambari yana canza yadda mai saye ke kallon kaya? In yana canzawa, ta wace hanya? Kuma mu canza namu ko mu bar shi?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. In na fahimce ki, abin da ya raba ki da yayanki shi ne inda darajar kaya take fitowa: shi yana ganin zanen ne ke ba kaya daraja, ke kuma kina ganin zanen ado ne kawai. Na daɗe ina wannan aiki na zana wa kamfanoni tambari da gyara na waɗanda suka tsufa, kuma da wuya wata ya wuce ban zauna tsakanin mutum biyu masu irin wannan gardama ba. Abin da aikin ya koya mini shi ne, tambari fanko yake zuwa duniya, kamar sabon mazubi. Abin da masu saye suka gani a wurinku, mai daɗi da marar daɗi, shi suke zubawa a ciki shekara da shekaru. Amma in ya cika, ƙarfinsa ya fi yadda kike tsammani nesa ba kusa ba. Shi ya sa naku mai shekara takwas ba zanen da abokin yayanki ya miƙa muku ba ne yanzu, ya zama dukiya.

Yadda zane ke samun ma'ana

A shekarar 1971 wata ɗalibar zane a jami'ar Portland State ta Amurka, Carolyn Davidson, ta zana wa wani ƙaramin kamfanin takalma layi ɗaya mai lanƙwasa, aka biya ta dala 35. Phil Knight, ɗaya daga cikin masu kamfanin, bai ɓoye mata ba cewa zanen bai burge shi ba, sai dai yana sa ran zai saba da shi. Wannan layin shi ne tambarin Nike. Ranar da aka zana shi babu wanda zai kalle shi ya tuna da gudu ko nasara ko gwarzon ɗan wasa. Shekaru na talla, da ganin sa a ƙafar 'yan wasa irin su Michael Jordan, da takalman da mutane suka saka suka ji daɗinsu, su suka ɗora masa duk abin da yake ɗauke da shi a yau. Zuwa 1995 kamfanin ya iya cire sunansa ya bar layin shi kaɗai, kowa kuma ya gane.

Haka abin yake in aka juya shi. Paul Rand, wanda ya zana tamburan IBM da UPS da gidan talabijin na ABC, yana cikin ƙwararrun da ba a ja da su a wannan fanni, kuma cikin ayyukansa na ƙarshe akwai tambarin kamfanin makamashi na Enron, harafin E a jingine. Zane ne mai tsabta, babu abin kushewa a cikinsa. Da kamfanin ya durƙushe a Disambar 2001 saboda maguɗin lissafin kuɗi, sai mutane suka riƙa kiransa karkatacciyar E, jinginar da aka yi don ado ta koma alamar rashin gaskiya. Ko ɗigo ba a canza a zanen ba. Shi kansa Rand ra'ayinsa ke nan tun yana raye, cewa tambari daga ingancin abin da yake wakilta yake samun ma'ana. Kamfanin mai na BP ma ya ɗanɗana wannan: a 2000 ya ɗauki tambari kore mai kama da fure ko rana don a riƙa kallonsa a matsayin mai kula da muhalli, amma da rijiyarsa ta fashe a Tekun Meziko a Afrilun 2010, mutum 11 suka mutu, mai ya malale tsawon watanni, koren furen nan shi masu zanga-zanga suka fi zanawa yana ɗigar da baƙin mai.

Abu na farko da ke cika mazubin shi ne sabo. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Zajonc, ya nuna a 1968 cewa yawan ganin abu kawai yana sa mutum ya ƙara son sa, ko da kalma ce marar ma'ana ko rubutun harshen da bai iya karantawa ba. Ƙwaƙwalwa tana son abin da ba ya ba ta wahalar ganewa, kuma sau da yawa wannan sauƙin take fassarawa a matsayin aminci. Mai saye da ke tsaye gaban kaya iri ashirin ba ya zama ya auna kowanne. Idonsa zai faɗa kan alamar da ya sani, ya tuna cewa wancan karon bai yi da-na-sani ba, hannunsa ya miƙa. Duk wannan a cikin daƙiƙa ƙalilan.

Inda maganarki ta "kaya ake saye ba zane ba" take samun rauni shi ne, in tambari ya cika, yakan shiga har cikin yadda mutum ke jin kayan a jikinsa. A 2004 masu bincike a kwalejin likitanci ta Baylor a Amurka sun ba mutane Coca-Cola da Pepsi suna duba ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Da ba a gaya musu wanne ne wanne ba, zaɓinsu ya rabu kusan daidai. Da aka nuna musu alamar Coca-Cola, sai suka karkata gare shi, kuma sassan ƙwaƙwalwa masu alaƙa da tuna baya suka motsa. A 2007 kuma, a jami'ar Stanford, an ba yara 63 masu shekara 3 zuwa 5 abu iri ɗaya sak a mazubi biyu, ɗaya da alamar McDonald's ɗaya babu komai a jikinsa. Yawancinsu suka ce mai alamar ya fi daɗi, har da madara da karas. Yaran nan ba ƙarya suka yi ba, abin da suka ji suka faɗa.

Wannan ƙarfi yana da ɓangaren da ke tayar mini da hankali, kuma ba na son in wuce ban faɗe shi ba. Wani bincike da aka buga a 1991 a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ya gano cewa kashi 91 cikin ɗari na yara 'yan shekara 6 da aka gwada sun iya haɗa hoton raƙumin tallar sigarin Camel da sigari, kusan yadda suka gane alamar Mickey Mouse. An daina amfani da raƙumin a 1997. Ostireliya kuwa, daga Disambar 2012, ta hana kamfanonin taba sa tamburansu a kwali, kowane kwali ya koma launi ɗaya marar sha'awa, sunan kuma da ƙananan haruffa iri ɗaya. Kamfanonin suka yi ta shari'a a kan wannan doka. Da tambari ado ne kawai, da ba su kashe ko kwabo wajen kare shi ba.

Abin da siffa da launi ke iya yi

To shi zanen kansa fa, babu abin da yake faɗa kafin a saba da shi? Akwai, amma kaɗan, kuma a haɗuwar farko ya fi aiki.

Tun 1929 wani masanin halayyar ɗan Adam, Wolfgang Köhler, ya lura cewa in aka nuna wa mutane siffa biyu, ɗaya mai tsini-tsini ɗaya mai lanƙwasa, aka ba su sunaye biyu na ƙirƙira, kusan kowa zai ba mai tsinin suna mai kaifin sauti, ya ba mai lanƙwasar suna mai taushi. An maimaita gwajin a harsuna da yawa da sunayen "kiki" da "buba", sakamakon bai cika canzawa ba. Wani bincike na 2016 ya kawo wannan kan kaya irin naku. An nuna wa mutane tallar takalmi ɗaya da tambari iri biyu. Waɗanda suka ga zagayayyen tambari sun fi cewa takalmin zai yi daɗin sakawa, waɗanda suka ga mai kusurwa sun fi cewa zai yi ƙarko. Saboda haka in abin da kuke alfahari da shi ƙarfin ɗinki ne da fatar da ba ta tsagewa, siffa mai kusurwa da haruffa masu kauri suna tafiya da saƙonku. In taushi da laushin fata ne, mai lanƙwasa ta fi dacewa. Amma ki riƙe cewa ɗan karkatar da zato ne kawai, jaka ɗaya da hannunta ya tsinke a sati biyu ta isa ta share shi.

A kan launi kuwa nake roƙonki ki yi hattara, don nan ne aka fi cika mutane da surutu. Za ki ga jadawali a intanet yana cewa shuɗi aminci ne, ja kuzari ne, kore lafiya ce, kamar wata doka da ba ta tashi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, bincike ya nuna mutane a wasu ƙasashe suna danganta shuɗi da ƙwarewa, ja da zumuɗi. Sai dai ma'anar launi koyonta ake yi, kuma tana bambanta daga wuri zuwa wuri. A kasuwar hannun jari ta Amurka ja faɗuwa ce, a ta Sin ja tashi ne. Shuɗin Facebook da ake ta yi wa fassara, Mark Zuckerberg da bakinsa ya ce ya zaɓe shi ne saboda idonsa ba ya bambance ja da kore sosai, shuɗi ya fi gani da kyau. Abin da ya fi amfani a launi shi ne ya dace da irin kayan, kuma ya raba ku da abokan gogayya. In duk masu yin kayan fata da kuke kasuwa ɗaya da su ruwan ƙasa da ruwan zinare suke amfani da su, ku ma kuka bi sahu don ku yi kama da manya, kun ɓace a cikinsu ke nan.

Mu masu zane muna da wani rauni, muna son ɓoye dabara a cikin tambari. Akwai kibiya tsakanin E da x a tambarin kamfanin isar da kaya na FedEx wanda Lindon Leader ya zana a 1994, akwai kuma kibiyar Amazon da ta tashi daga a zuwa z tana kama da murmushi. Ayyuka ne masu kyau, ina sha'awarsu ƙwarai. Amma mutane da yawa sun yi shekaru suna hulɗa da FedEx ba su taɓa ganin kibiyar ba sai da aka nuna musu. A 2015 an ce wa ɗalibai 85 a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles su zana tambarin Apple da ka, kuma yawancinsu masu amfani da kayan kamfanin ne kullum. Mutum ɗaya tak ya zana shi daidai. Da aka jera musu na gaskiya cikin wasu masu kama da shi, waɗanda suka nuna na gaskiyar ba su kai rabi ba. Mai saye ba ya haddace tambari, inuwarsa yake riƙewa: siffar gaba ɗaya, da launi, da wurin da ya saba ganinsa a jikin kaya. Duk wanda zai taɓa muku tambari, waɗannan ne bai kamata ya yi wasa da su ba.

Garin neman gira

Yanzu ga maganar canji. A Oktoban 2010 kamfanin tufafi na Gap ya ajiye shuɗin akwatinsa mai fararen haruffa, wanda ya yi fiye da shekara ashirin da shi, ya fito da sabo. Masu saye suka yi ca a kansa, cikin kusan mako guda ya koma wa tsohon. Na kamfanin ruwan lemo na Tropicana ya fi ciwo. A farkon 2009 ya cire hoton lemon da aka soka wa tsinken zuƙa daga kwalinsa, ya canza yadda aka rubuta sunan. Cikin ƙasa da wata biyu cinikin wannan hajar ya faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari, dole ya dawo da tsohon kwali. Abin da ke cikin kwalin bai canza ba, mutane ne suka duba inda suka saba ba su ga abin da suka sani ba, suka ɗauki na kusa da shi. Kia ma, da ta sake tambarinta a 2021, mutane da yawa sun karanta shi a matsayin KN, har suna neman wace mota ce wannan a intanet. Wani bincike na 2010 ya ƙara wani abu da ya shafe ku kai tsaye: waɗanda suka fi ƙin babban canjin tambari su ne masu saye mafi riƙo da kamfanin. Wato in yayanki ya canza komai don jawo baƙin da ba su zo ba tukuna, waɗanda suka riƙe ku shekara takwas su za su fara jin an yi musu baƙon abu.

Dubi kuma yadda masu daɗewa suke yi. Rubutun Coca-Cola mai lanƙwasa tun shekarun 1880 yake, Frank Robinson mai kula da lissafin kamfanin ne ya kawo shi, kuma gyaran da aka yi masa tun daga lokacin kaɗan-kaɗan ne, yadda ba a lura. Kamfanin katin biyan kuɗi na Mastercard ya rage wa da'irorinsa biyu, ja da ruwan ɗorawa, tarkace a 2016, sannan ya cire sunan a 2019, bayan ya tabbatar fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen da ya gwada suna gane su ba tare da suna ba. Wannan mataki na ƙarshe kada ku kwaikwaye shi. Ƙananan kamfanoni da yawa suna ganin Apple da Nike ba suna a tambarinsu, sai su ma su zana wata alama su bar ta tsirara, alhali waɗancan sun yi shekaru da dama suna biyan kuɗin wannan gata. Hasali ma wani bincike na 2019 da ya duba tambura 597 ya nuna cewa ga kamfanin da ba a san shi sosai ba, tambarin da ke nuna abin da ake sayarwa ya fi sa a yarda da shi. Sunanku ya zauna a jiki, a karanta shi ba tare da ƙanƙance ido ba.

Akwai lokacin da canji ke zama dole. In tambarinku ya yi kama da na wani kamfani har ana rikita ku, ko mai shi na iya kai ku kotu, a canza. In an ɗauko hoton ne daga intanet, wanda hakan ke faruwa sosai in aboki ne ya zana kyauta, ba za ku iya yi masa rajista a matsayin naku ba, wannan ma dalili ne babba. Haka in ba ya fitowa a wurin da ake buƙatarsa. A nan ni kaina na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. Na zana wa wani kamfanin kayan fata tambari mai siraran layuka, a fuskar kwamfuta gwanin kyau, mai kamfanin ya yi murna ni ma na yi. Da aka ƙera ƙarfen bugawa aka ɗora shi da zafi a kan fata, sai layukan suka narke cikin juna, abin da ya fito wani tabo ne kamar ƙuna. Jakunkunan farko duka haka suka fita. Na sake aikin daga farko ban karɓi komai ba, kuma tun daga ranar ba na nuna wa kowa zane a kwamfuta sai na fara buga shi baƙi da fari, girman farcen babban yatsa, a kan ainihin abin da zai zauna a kai.

Game da masu hannu da shuni da yayanki ke hange, yana da gaskiya cewa tambari mai hayaniya, launi biyar da inuwa da ƙyalli, yana sa kaya su yi kama da masu araha. Kayan alfarma galibi tambarinsu ƙarami ne, launi ɗaya, da fili a kewayensa. Amma a abin da na gani, mai sayen kaya masu tsada yana juya jaka ya duba ɗinkin ciki, ya ja zif, ya shinshina fatar, ya lura da yadda aka naɗe masa ita da yadda aka amsa masa da ya dawo da ƙorafi. In waɗannan ba su kai ba, sabon tambari zai yi alkawarin da kayan ba za su cika ba, kuma wannan ya fi tsohon tambari illa.

Ki sani yawancin binciken da na ambata a kan ɗalibai da masu saye na Amurka da Turai aka yi su, da yawa kuma a ɗakin gwaji inda mutum ba kuɗinsa yake fitarwa ba. Suna nuna inda abu ya karkata, ba sa yanke wa kamfani ɗaya hukunci. Hukuncin naku a wurin masu sayenku yake, kuma samunsa ba wuya. Ki nemi mutum ashirin ko talatin cikin waɗanda suka saba saye a wurinku, da wasu kamar haka waɗanda suka san irin kasuwar amma ba su taɓa saye ba. Ki rufe sunan, ki nuna musu alamar kaɗai na ɗan lokaci, ki tambaye su ta wane ne. Kada ki tambaye su ko ta yi kyau, don kunya za ta sa su ce ta yi. Ki ƙirga nawa suka kira sunanku, nawa suka kira na wani, nawa suka yi shiru. In yawancin tsofaffin abokan cinikinku suka gane ta nan take kuma babu wanda ya kira sunan wani kamfani, ku bar siffar da launin yadda suke, ku ba ƙwararre ya share ta: ya rage tarkace, ya daidaita haruffa, ya ƙara wa layuka kauri yadda za su fito a kan fata da kuma ƙaramin hoton waya. In kuwa har waɗanda suka shekara suna saye suka kasa gane ta, to yayanki ya yi nasara a gardamar, sai dai ku yi canjin sau ɗaya, ku yi masa rajista, ku sa tsohon da sabon tare a kwali na wasu watanni kafin ku janye tsohon. Ranar da za ki yi gwajin, ki tafi da yayanki ya ji amsoshin da kunnensa.